Musayar Mota a Gaya: Lissafi ko Ganin Ido?

Akwai wata magana da dillalan motoci suka ƙware wajen furta ta, kuma babu wanda suka fi son faɗa wa ita kamar ma'aikacin da albashinsa ke bi ta banki: "Malam, ai motar nan ta yi maka hidima, lokaci ya yi da za ka sauya." Da murya mai taushi ake faɗinta, hannu ɗaya yana shafar tsohuwar motar kamar mai lallashin doki, ɗayan yana nuni da wata da ke gefe tana ƙyalli. Daga nan sai a shiga zancen ciko: a bar tsohuwar, a cika kaza, a ɗauki "sabuwa". Kafin la'asar an yi musaya, an yi musafaha, malam ya koma gida ana yi masa barka da arziki. Watannin biyan bashi kuwa shi kaɗai zai ƙirga su, duk ƙarshen wata, a gaban takardar albashinsa.

Waccan magana ce ta cancanci a tsaya a yi jayayya da ita. Lokacin rabuwa da mota abu ne da ake ganowa da alƙalami da takarda, tare da shawarar bakanike mai amana. Dillali ba shi da hurumin sanar da wannan lokaci, domin yana da rabo a cikin amsar. Idan kuwa akwai garin da ya kamata a ce mutanensa sun fi kowa sanin haka a duk faɗin Nijar, to Gaya ne, garin da ya daɗe yana kallon wannan fatauci yana wucewa ta ƙofar gidansa.

Motar da ake kira sabuwa

Shekara da shekaru mutanen Gaya suka yi suna ganin ayarin motoci na haye gadar kogin Isa daga Malambil, ƙura ta rufe su bayan tafiyar fiye da kilomita 700 daga tashar jiragen ruwan Kwatano, ta Faraku da Kandi. A kan takarda, Nijar suka nufa. A zahiri kuwa, da yawa daga cikinsu ratse kawai suka yi, domin kasuwarsu tana Nijeriya, inda harajin shigo da mota ya yi tsanani, musamman bayan tsarin shekarar 2013 da ya kai kuɗin fito na ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin 100. Daga nan ne Hausa ta sami kalmar "ƴar Kwatano", kamar yadda ta sami "ƴar Beljiyam" daga ƙasar da tasharta ta Anbers da unguwar Heyvaert ta birnin Burusel suka shahara da tattara tsofaffin motocin Turai ana turo su Afirka ta Yamma.

To, wace irin mota ce ke cikin waɗannan jirage? A shekarar 2020, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A daidai wannan lokaci, masu bincike na gwamnatin Holand sun duba motocin da ake lodawa daga tasoshin ƙasarsu zuwa Afirka, suka tarar akasarinsu shekarunsu sun kama daga 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, wasu kuma an cire musu tukunyar tace hayaƙi saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinta. Wato abin da ake kira "sabuwa" a filin dillali, a ƙasar da ta fito an riga an yi mata sallama.

Sai kuma maganar agogon kilomita. Ƙasar Beljiyam kanta, tun shekarar 2006, ta wajabta wa mai sayar da mota ya miƙa wa mai saye wata takarda mai suna Car-Pass, wadda ke ɗauke da tarihin kilomitocin motar, saboda yawan masu mayar da agogo baya. Idan Bature bai yarda da agogon Bature ba sai da takarda, me zai sa malamin makaranta a Gaya ya yarda da lambar da ke gaban sitiyari bayan motar ta bi ta hannu biyar da teku ɗaya? Wanda ya gina shawararsa a kan wannan lamba, cinikin biri a sama ya yi.

Shawarar aro

Wasu masu karatun boko sukan kawo ƙa'idar da suka tsinta a mujallun Faransa ko a intanet, cewa a rabu da mota idan ta kai shekara kaza ko kilomita kaza, tun darajarta ba ta faɗi ba. Ƙa'idar tana da ma'ana a inda aka haife ta. A can, mutum yana sayen mota fil daga kamfani, darajarta tana zubewa da sauri a shekarun farko, garantinta yana da wa'adi, kuma kamfanin da ya sayar masa yana karɓar tsohuwar bisa farashin da kowa zai iya dubawa a rubuce. A Gaya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Motar da ta iso tana da shekara 16 ta riga ta gama babbar faɗuwarta tun tana Turai. Abin da ya rage na darajarta ya rataya ne a kan lafiyar inji da ƙarfin ƙashin bayanta da samuwar kayan gyaranta.

Saboda haka, wanda ya bar motarsa mai shekara 20, wadda ya san tarinta da atishawarta, ya ɗauki mai shekara 16 da aka yi wa wankan fenti, ya bar cutar da ya sani ne ya rungumi wadda bai sani ba, kuma ya biya miliyoyi a kan haka. Kakannin Hausawa ba su sayi doki don kyan sirdi ba. Baki suke buɗewa su duba haƙora, su ɗaga kofato, su sa a yi sukuwa a gabansu. Abin mamaki ne a ce jikokinsu, masu digiri da difloma, suna sayen abin da ya ci albashin shekaru ta hanyar kallon fenti da sauraren rediyon da ke ciki.

Farashin da gada ke yankewa

Dalili na biyu da ya sa shawarar aro ba ta aiki a nan shi ne, farashin mota a Gaya ba shekarun motar kaɗai ke yanke shi ba. Dattawa suna tune da watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar 2016 faɗuwar naira ta durƙusar da kasuwar motocin Kwatano, sannan daga 1 ga Janairun 2017 Nijeriya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin nata, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Gaya da Malambil. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, har mutane da kaya suka koma ƙetare kogin da kwalekwale, manyan kaya kuma suka koma bin doguwar hanyar Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya motsa farashin motoci fiye da yadda tsufan shekara biyar zai motsa shi. Dillali ya san haka, shi ya sa a lokacin ƙarancin kaya yake cewa: "Yallaɓai, yanzu ne motarka ta yi daraja, kada ka bari damar ta wuce." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Tsadar da ta ɗaga tsohuwar ta ɗaga wadda za a karɓa, kuma ta fi ɗaga ta, tunda ita ce mai babban farashi. A ɗauka, don misali kawai, tsohuwar tana miliyan 1 da rabi, waccan kuma miliyan 4. Ciko miliyan 2 da rabi ke nan. Idan farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100, tsohuwar ta koma miliyan 1 da jaka 800, waccan ta koma miliyan 4 da jaka 800, ciko ya zama miliyan 3. Mai musaya ya ji daɗin ƙarin jaka 300 a kan motarsa, bai lura ba an ƙara masa jaka 800 a ɗaya gefen. Lokacin tsada lokacin mai sayarwa ne wanda ba zai saya ba. Mai musaya kuwa, lokacin da kaya suka yalwata ya fi masa.

Lissafin da ba a son a yi

Babbar dabarar musaya ita ce dunƙule farashi biyu a cikin lamba ɗaya. Da zarar an ce "cika kaza", mai saye ya daina tambayar nawa aka yi wa tasa kuɗi, nawa kuma aka sa wa waccan. A nan dillali ke cin riba biyu, ya karya tsohuwar, ya ɗaga wadda yake bayarwa, ban da la'ada. Maganin wannan ba shi da wuya: a raba cinikin gida biyu. A fara tambayar farashin motar da ake so kamar ba a da wata, a kai tsohuwar wurare biyu ko uku a ji tayi, sannan a haɗa lissafi. Dillalin da ya ƙi a raba ciniki ya riga ya faɗi abin da yake ɓoyewa.

Bayan haka sai a auna ciko da gyara. A koma kan misalin miliyan 2 da rabi, a ce bashin banki ne na shekara 4 da ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara. Biyan wata zai kama kimanin jaka 63, wato kusan jaka 760 a shekara, kuma kafin a gama an biya ruwa sama da rabin miliyan. Abin tambaya a nan shi ne: tsohuwar motar tana cin jaka 760 a garaji kowace shekara? Idan tana cin jaka 300, har da sauyin taya da batir, to mai ita zai ninka nauyinsa fiye da sau biyu don ya tsere wa nauyin. Kuma kada a manta, "sabuwar" ma za ta je garaji, sau da yawa tun a watannin farko, ga kuɗin sauya suna a katin mota, ga inshora, ga binyet. Mutum yakan tuna ranar da bakanike ya karɓi jaka 80 a hannunsa saboda ta yi masa zafi, ya manta da jaka 63 da banki ke zarewa shiru kowane wata saboda bai taɓa riƙe ta ba. Da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya.

Ga malamai da yawa, musamman ƴan kwantaragi, zancen mota ma bai taso ba, babur ne abin hawa. Lissafin bai sauya ba. Wanda ya bar babur mai lafiya ya ci bashi don sabon samfuri, hanyar da mai mota ya bi ita ya bi, sai dai ramin nasa bai kai zurfin wancan ba.

Lokacin da ya wajaba a rabu

Kada mai karatu ya ɗauka ana kiran mutane su rungume gawa. Riƙe motar da ta mutu wauta ce da ta fi ta farko haɗari, domin ta farko dukiya take ci, ta biyu kuwa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma yankin Afirka, mai kimanin kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, yana ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa biyar na waɗannan mace-mace. Wanda ya san hanyar Gaya zuwa Doso, mai tsawon kimanin kilomita 150, da manyan motoci da dabbobi da amalanken da ake rabon titi da su, ya san abin da birki maras ƙarfi ke nufi.

Alama ta farko ita ce ƙashin bayan mota. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa, kuma idan tsatsa ta ci shasi, ko aka taɓa yanka shi aka yi walda bayan mummunan haɗari, babu gyaran da zai mayar da shi yadda yake. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma wannan kam sai rabuwa. Alama ta biyu ita ce kayan gyara. Motar da sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Legas, an jira makonni kafin a samo mata ɗan ƙarfe, ta zama bursuna ga mai ita. Wannan ne ya sa samfuran da kowane bakanike ya sani, irin su Toyota Corolla, suke riƙe darajarsu fiye da manyan motocin da ke cike da na'urorin da babu kwamfutar gwada su a kusa. Alama ta uku ita ce lissafin shekara biyu a jere: idan kuɗin gyara, a rubuce, ya zarce abin da ciko zai ci a shekara, kuma manyan gaɓoɓi suna lalacewa bi da bi, to gyara ya zama zuba ruwa a rariya. Ta huɗu ita ce amana. Motar da ke sa malami ya rasa darasin ƙarfe takwas sau biyu a wata, ko wadda ba za a iya dogara da ita a kai mai naƙuda asibiti da dare ba, ta daina aikin da aka saye ta dominsa.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, to a rabu da ita tana tafiya da ƙafarta, kada a jira ranar da za a jawo ta da igiya, domin mai sayarwa cikin matsi shi ake yi wa farashi. A kuma faɗi aibinta ga mai saye. Shari'a da al'ada duka sun yi tir da ɓoye aibi, kuma malamin da ke hana ɗalibai satar amsa bai kamata ya zuba man inji mai kauri don ya ɓoye hayaƙi ba. Wadda za a karɓa kuwa, a je da bakanike na kai, a ɗaga ta a duba ƙasa, a tayar da inji da sanyin safiya, a dubi launin hayaƙi, a gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da wadda ke kan takardu, a tabbatar an biya duwan. Motar da aka shigo da ita da sunan wucewa aka sayar a gari ba tare da biyan fito ba, duk arharta, kayan gwamnati ce da ke jiran ranar kamu.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce dillali ma uba ne mai iyali, kuma fataucin motoci ya ciyar da direbobi da ƴan tiranzit da masu abinci da masu wankin mota a Gaya, waɗanda rufe gadar a 2023 ya jefa cikin mawuyacin hali. Haka ne, kuma babu mai hankalin da zai yi murna da wannan. Dillanci sana'a ce ta asali a ƙasar Hausa, da ita aka yi fataucin goro da shanu tun kafin zuwan Turawa. Sai dai dillalin da ya tsaya a kan sunansa, wanda ake komawa gare shi idan kaya sun ɓaci, daban yake da wanda ke rayuwa da jahilcin mai saye. Mai saye mai lissafi ba ya kashe sana'ar dillanci. Maƙaryata kawai yake kora daga cikinta.

Za a kuma ce malami ma yana da haƙƙin ya hau abin kirki, a daina kallonsa a matsayin wanda aka halitta don ƙura da rana. Wannan magana tana da zafi domin akwai gaskiya a cikinta. Amma mutuncin da aka saya da bashi na banki ne har ranar da aka gama biya. Malamin da ciko ya cinye kashi mai yawa na albashinsa shi ne wanda zai koma neman darussan bayan fage har dare, ya shiga aji a gajiye, ya daina sayen littafi, ya riƙa kauce wa mai kanti. Idan al'umma ta koma auna malami da motarsa, aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu ne su gyara ma'aunin, ba su yi layi a gaban mai awo ba.

Ga hukuma da ƙungiyoyi

Ƙasar Kodibuwa ta ƙayyade shekarun ƙananan motocin da ake shigowa da su zuwa 5 tun 2018, CEDEAO kuma ta amince da irin wannan ƙa'ida ga yankin a 2020, tare da wa'adin shiri. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka nauyin tsara abin da zai shigo ƙasar ya koma wuyanta. Ƙayyade shekaru ba tare da duba halin aljihun jama'a ba zai mayar da mota ta masu hannu da shuni kawai, ya kuma buɗe wa fasa-ƙwauri ƙofa, kamar yadda tarihin iyakar Nijeriya ya nuna. Abin da ya fi dacewa shi ne binciken lafiyar mota na gaske, a mashiga da kuma kowace shekara, wanda ake duba birki da sitiyari da shasi, ba wanda takarda ke tafiya ofis motar tana gida ba. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta yi shekaru tana ratsa hanyoyin yankin nan saboda kayan gyaranta suna ko'ina, masu gyaranta kuma sun san ta ciki da waje. Darasin shi ne, tsawon ran mota yana hannun masu gyara, don haka horar da bakanikai a cibiyoyin koyon sana'a ya fi sabon fenti amfani ga ƙasa.

Ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu ma suna da abin yi wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Suna iya rubuta samfurin yarjejeniyar ciniki da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai ɗauke da farashi biyu a rarrabe da jerin aibobin da aka bayyana da sa hannun shaidu. Suna iya farfaɗo da adashi da asusun taimakon juna, domin wanda ya tara kafin ya saya ya tsira daga ruwan banki. Malamin lissafi yana iya kawo misalin ciko da ruwan bashi cikin aji, malamin Hausa kuma ya sa ɗalibai su je garaji su tattaro sunayen gaɓoɓin mota kamar yadda bakanikai ke kiran su, domin wanda bai san sunan abu ba, ba ya iya tambayar lafiyarsa.

Ranar da dillali zai sake cewa "Malam, lokaci ya yi", amsar da ta dace ita ce a ciro ɗan littafin da aka rubuta kuɗin gyara na shekara biyu, a ce masa: "Alhaji, zauna a duba tare." Idan lissafi ya ce a rabu, a rabu ba tare da waiwaye ba. Idan ya ce a riƙe, a riƙe ba tare da jin kunyar maƙwabci ba, tunda ba shi zai biya bankin ba. Allah ya sa a dace.